An ɗaura mana aure a masallaci, mun kuma yi na rajista: wace kotu ce za ta raba mu?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. Don girman Allah wanda ya san shari'a ya nuna min hanya.

Ni malamar firamare ce a Zariya. An ɗaura mana aure a 2017 a masallacin unguwarmu, sadaki naira 50,000, Baffana ne waliyyi don mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare. Allah ya ba mu yara biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4. A 2022 baban yaran ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila. Mutumin da ke shirya masa takardu ya ce takardar da liman ya rubuta mana ba za ta yi ƙarfi ba wajen neman bizar iyali, gara mu yi rajista. Muka je Kaduna muka cike fom, aka liƙa sunayenmu a allo, bayan sati uku da 'yan kwanaki muka koma da shaidu biyu muka sa hannu. Wallahi ranar ban ɗauke shi aure ba, takardar biza na ɗauke shi. Daga makaranta na wuce, da allin allo a hijabina.

Ya tafi a watan Satumba. Shekarar farko yana aike, yana cewa kuɗin da ake so a nuna a asusu don mu uku ne bai taru ba. Da ya gama karatu ya kama aikin kula da tsofaffi, sai ya ce an hana masu irin aikinsa kai iyali. Daga nan aike ya fara ja da baya har ya tsaya cak. Yau wata 14 rabon da ya turo ko sisi. Haya, kuɗin makaranta, maganin ƙaramin da ke fama da asma, duk daga albashina ne da ɗinkin da nake yi da dare. Hajiyarsa, Allah ya saka mata da alheri, takan aiko mana da masara da wake in an yi kaka, amma ita ma da ta ɗauko masa maganata sai ya kashe waya.

Baffa ya kira shi ya ce ko ya dawo, ko ya ɗauke mu, ko ya sauwaƙe min. Ya ce shi ba zai yi saki ba. In ni ce na gaji, in yi khul'i in biya shi naira miliyan 2, wai sadaki da lefe da abin da ya kashe a biki, sannan in kai yara gidan Hajiya. Yana nan a muryar da ya turo wa Baffa ta WhatsApp.

Ni dai na yi istihara, zuciyata ta bar auren nan. Dole ne sai na biya shi kafin in fita? Kotun shari'a za ta saurare ni alhali yana wata ƙasa? Kuma wata abokiyar aikina ta tsorata ni, ta ce tunda mun yi rajista, ko alƙali ya raba mu, a wurin gwamnati ina nan matarsa. Gaskiya ne?

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya kawo miki mafita ta alheri. Shekara 28 na yi a aikin kotu, tun ana ce mata kotun yanki har aka mayar da ita kotun shari'a. Maganar rajista na bar wa lauyoyi, zan yi miki ta ɓangaren da na zauna.

Abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne mace ta shigo da hujjarta cike da hannu, alƙali ya ce me kike nema, ta ce khul'i, don ita kaɗai ce kalmar da ta taɓa ji. Alƙali kuwa abin da aka nema shi yake rubutawa. Sai ki ga wadda aka bari da yunwa ta sayar da gadonta da keken ɗinkinta ta biya wanda ya bar ta da yunwar.

Khul'i na matar da miji bai rage ta da komai ba ne, zuciyarta ce kawai ta ƙi shi. Asalinsa matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta gaya wa Manzon Allah (SAW) ba ta aibata mijinta a addini ko a hali, ita dai ba za ta iya zama ba. Ya tambaye ta ko za ta mayar masa da lambunsa, ta amsa, sai ya umarce shi ya karɓa ya sake ta saki ɗaya. Naki ba haka yake ba. Ke abin da za ki nema shi ne alƙali ya raba auren da kansa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kina da dalilai har uku a hannu: rashin ciyarwa, doguwar tafiyar miji da ta haura shekara kina cutuwa da ita, da cutarwa. A duk ukun ba a biyan miji ko kwabo.

Nisansa ba ya hana a saurare ki. Tun zamanin da ake tafiya Hajji a ƙafa malamai suka gama wannan babi. Za ki tabbatar da auren, ki tabbatar ba ya gari, ki tabbatar bai bar miki abin ci ba kuma bai wakilta kowa ya ciyar da ke ba, sannan ki yi rantsuwa. Tunda an san inda yake, kotu za ta aika masa ta ba shi wa'adi: ya aiko da abinci, ko ya zo, ko ya ɗauke ki, ko ya saka. In wa'adi ya cika bai yi ko ɗaya ba, aka yi masa i'izari, wato tambayar ƙarshe ko yana da wata hujja, bai kawo uzuri ba, alƙali ya saka a madadinsa.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Sakin da alƙali ya yi saboda rashin ciyarwa kaɗai na kome ne. Ma'ana in ya dawo da ciyarwa kafin ki gama idda, yana da ikon mayar da ke. Wanda aka yi saboda cutarwa kuwa yankakke ne, ba kome sai da sabon ɗauri da yardarki. Don haka kada ki tsaya a kan abinci kawai. Ki faɗi shekara uku na ƙaura, ki faɗi ƙin ɗaga waya, ki sa a saurari muryar nan da ya sa wa 'yancinki farashi.

Kuma kada ki ƙara jinkiri. In miji yana tafiya aka yi gardama ko ya aiko ko bai aiko ba, maganar mace da rantsuwarta ake ɗauka daga ranar da ta kai ƙara gaban alƙali. Kowane wata da kika zauna a gida kina jira, hujjarki kike ragewa. Ki je banki a buga miki bayanin asusunki tun daga 2022. Shaidu kuma ki nemi maza biyu adilai da ba su da wata riba a ciki, kamar mai gidan da kike haya da limamin unguwa ko maƙwabci, sun fi 'yan ɗakinku nauyi a gaban alƙali.

Za a fara da neman sulhu, wataƙila a naɗa mutum ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce. Kada ranki ya ɓaci, hanyar ke nan.

Yara kuwa, reno naki ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwarsu a wuyan ubansu. Ko aure kika yi, mahaifiyarki ce a gaba, sannan 'yan'uwanki mata, kafin layi ya zo kan Hajiyarsa. Kada ki sa hannu a wata takarda da ta ce kin yafe reno ko kin ɗauki ciyar da su a matsayin fansa, don irin wannan sharaɗi yakan zauna.

Mai Nasiha:

Baiwar Allah, shawarata ki ƙara haƙuri. Zaman Turai ba sauƙi, wataƙila yana cikin matsin da kunya ta hana shi faɗa. A tura manya su sake yi masa magana. Kai miji kotu yakan bar tabo a zukatan 'ya'ya har girmansu. Maganar rajista kuma ki cire ta a ranki, wannan ba aure ba ne a wurin Allah, takarda ce ta Nasara. Aurenki shi ne wanda aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu. In shi ya warware, kin gama idda, ba wanda ya isa ya hana ki aure.

Barista daga Kaduna:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya wadatar a wancan ɓangare. Malam Mai Nasiha, a addinance ba na jayayya da kai, amma matar nan a Najeriya take zaune, kuma takardar da ka ce ta cire a rai tana da haƙora.

'Yar'uwa, abokiyar aikinki ta yi gaskiya. Akwai takardar shaidar aure da masallaci ko kotun shari'a ke bayarwa, wannan shaida ce kawai ta auren Musulunci. Amma da kika ce an liƙa sunayenku a allo kun jira sati uku, na gane wanne kuka yi. Wannan sanarwar kwana 21 ce ta Dokar Aure ta tarayya. Aure ne cikakke a idon doka, na mace ɗaya da namiji ɗaya, kuma ba ya mutuwa da furucin saki, ko khul'i, ko hukuncin kotun shari'a. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke kashe shi, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Ban san adadin matan da suka zauna a ofishina suna cewa "ai don biza muka yi" ba. Doka ba ta tambayar niyya, sa hannu take dubawa.

Tsarin can ya bambanta da wanda Baba ya bayyana. Dalili ɗaya ne tak: aure ya lalace ba gyara. Amma sashe na 15 na dokar 1970 ɗin ya ce sai kin tabbatar da hakan ta ɗaya daga cikin abubuwa takwas. Waɗanda suka shafe ki su ne ya ƙaurace miki shekara ɗaya cur, ko kun rayu a rabe shekara biyu kuma bai ƙi a raba ba, ko kun rayu a rabe shekara uku, wanda shi ba ya buƙatar yardarsa sam. Tunda ya tafi a Satumban 2022 kuma bai dawo kun zauna ba, na ƙarshen nan zan fara dubawa. Akwai kuma halin da ba za a sa ran mace ta jure zama da shi ba, nan ne barin ki da yara ba ci ba sha zai shiga. Sashe na 30 ya hana shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, ke kin wuce nan.

Zamansa a Ingila ba ya ɗauke wa kotunmu hurumi, dokar ta yi tanadi na musamman ga matar da aka tafi aka bari da wadda ta shekara uku tana zaune a ƙasar. Lauyanki zai nemi izini a isar masa da takardu a can. In kin yi nasara, hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama na dindindin, kuma sai kotu ta gamsu da tsarin da aka yi wa yaran da ba su kai shekara 16 ba. A Babbar Kotu ba a bin jerin masu reno, maslahar yaro ake dubawa, kuma a ƙara ɗaya za ki iya neman riƙon yara da kuɗin kula da su. Ba a mayar da sadaki, ba a maganar lefe.

Me zai faru in kin yi biris da shi? Sashe na 35 na Dokar Aure ya ce wanda ke da auren rajista a kansa ba zai ƙulla wani ingantaccen aure na gargajiya ba, sashe na 47 kuma ya sa ɗaurin shekara biyar. Gaskiya ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan wannan ba. Inda yake cizo shi ne ranar da mutumin da ya nemi miliyan 2 ya ji kin yi aure ya ga ya samu sanda, ko ranar rabon gado, ko ranar da za ki cike wata takardar tafiya a tambaye ki matsayin aurenki. Shi ma dokar ta ɗaure shi daidai da ke, ba shi da ikon ƙara aure yana riƙe da wannan takarda.

Shawarata ki bi duka biyun. Kotun shari'a ta fi sauri da araha, ita za ta ba ki natsuwa a addininki ki san ranar da iddarki ta fara. Amma kada ki ɓoye wa alƙali maganar rajista, domin lauyan mijinki na iya tayar da ita don ƙalubalantar hurumi, gara ta fito daga bakinki. Babbar Kotu tana jan lokaci kuma sai da lauya. In kuɗi ne matsala ki nemi ofishin FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, suna da reshe a Kaduna kuma suna taimaka wa mata marasa ƙarfi. Kada a ɗaura miki wani aure sai takardar ƙarshe ta Babbar Kotu ta shigo hannunki.

Uwar Marayu:

Ƙanwata, da na samu mai gaya min abin da Baba ya gaya miki shekara tara da suka wuce, da ban yi asarar da na yi ba. Nawa ba tafiya ya yi ba, duka ne. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Da na je kotu kunya ta hana ni faɗa a gaban mutane, ga ƙannensa zaune a benci, sai na ce ni dai ba na sonsa, khul'i nake so. Aka yanke min sadakinsa da ɗan ƙari. Na sayar da firjina da 'yan kunnen gwal da Innata ta bar min.

Bayan shekara biyu ina karatun Risala a Islamiyya muka zo inda aka ce in mace ta fanshi kanta saboda cutarwar da ake mata, za a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata. Na rufe littafin na fita waje na yi kuka. Malamarmu ta ce in koma kotu da shaidu, amma maƙwabciyar da ta sha ceto na ta rasu, ɗayar ta bi mijinta Legas. Na bar wa Allah.

Ki rubuta komai a takarda kafin ranar zama, kwanan wata da adadi, don a gaban alƙali baki yakan mutu. Ki tafi da wadda za ta riƙe miki yara a waje. Kuma duk wanda ya ce miki zuwa kotu tonon asiri ne, ki tambaye shi ko zai biya haya.

Mazaunin Manchesta:

Hajiya, ina zaune a nan Ingila shekara 11. Maganar hana masu aikin kula da tsofaffi kawo iyali gaskiya ce, ta fara aiki a watan Maris na 2024. Amma ba dokar da ta hana kowa tura kuɗi gida, da waya ake yi cikin minti biyu.

Abin da nake so ki sani, shi ma yana da tasa ƙofar a nan. Tun Afrilun 2022 aka sauya dokar saki a Ingila, ba sai an ɗora wa kowa laifi ba. Wanda ya shekara yana zaune a ƙasar zai iya cike takarda ta intanet ya ce aure ya mutu, a jira sati 20 a ba da hukuncin farko, a ƙara sati 6 a ba da na ƙarshe, ɗaya ɓangaren kuma ba shi da ikon cewa bai yarda ba. Sakin baki kuwa, in a cikin ƙasar nan aka furta shi, hukuma ba ta lissafa shi. Don haka duk ranar da ya so yin aure a hukumance a nan, dole ya bi ta kotu, kuma ba zai samu ko fam ɗaya daga hannunki ba. Ina jin ya san haka sarai. In wata takarda ta zo miki ta imel daga kotun nan, kada ki share, kada kuma ki amsa da kanki, ki kai wa Barista ta duba saboda haƙƙin yaran.

Maman Biyu:

Na karanta duka, wasu sau uku. Allah ya saka da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna.

Malam Mai Nasiha, na gode, na san alheri kake nufi. Manya sun yi magana sau huɗu, har da limamin da ya ɗaura auren. Daren da numfashin yaron nan ya sarƙe na goya shi na fita neman mai Keke Napep ƙarfe biyu, na kira babansa sau tara, yana gani bai ɗaga ba, washegari ma bai tambaya ba. A daren na gama nawa haƙurin.

Anti Uwar Marayu, na sayi littafi na fara rubutawa tun jiya, na cika shafi shida. Baba, na je banki, sun ce in dawo Alhamis in karɓi takardun. Mai gidanmu ya yarda zai yi shaida, ya ce shi ma ya san daga hannun wa yake karɓar haya. Barista, na ciro satifiket ɗin daga ƙasan akwati, na karanta wa Baffa bayaninki, ya yi shiru can ya ce da ya sani da bai bari mun je Kaduna ba. Ranar Litinin zai raka ni kotun shari'a, in an yi albashi kuma in shigo Kaduna neman ofishin da kika faɗa.

Abu ɗaya ne ya rage da ke min nauyi. Ba na so Hajiya ta fara jin maganar nan daga bakin ɗan aiken kotu. Matar nan ita ta yi min wankan jego duka biyun. Gobe in an taso daga makaranta zan ɗauki jikokinta mu je, in durƙusa in gaya mata da bakina.